Tambaya da Amsa: Sun Ce In Riƙa Ba Ta Gyaɗa Kaɗan-kaɗan

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da 'ya mai shekara 7 wadda likita ya tabbatar jikinta ba ya jituwa da gyaɗa, bayan wata rana ta ci abin da aka haɗa da ita, leɓenta ya kumbura, borin jini ya feso mata, numfashinta ya riƙa sarƙewa har muka kwana a asibiti. Damuwata yanzu mutane ce. 'Yan'uwa suna cewa sangarta ce, wai in riƙa ba ta kaɗan-kaɗan har jikinta ya saba. A makaranta kuwa an ware mata benci ita kaɗai a lokacin cin abinci. Yaya zan fahimtar da su? Daga wata uwa.

AMSA: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ƙara mata lafiya. Zan fara da shawarar da aka ba ki, domin ita ce mai haɗari: kada ki gwada ta a gida, ko da kuwa wanda ya kawo ta mutum ne da kike jin nauyinsa.

Abin da ke damun 'yarki, wanda likitoci ke kira alaji, aikin garkuwar jiki ne. Garkuwar ta ɗauki wani sinadarin furotin da ke cikin gyaɗa a matsayin abokin gaba, ta tanadi makamin da ake kira IgE, saboda haka duk lokacin da ya sake shiga jiki sai jiki ya saki sinadarin histamin da makamantansa, jijiyoyin jini su buɗe, fata ta kumbura, hanyar iska ta tsuke. Wannan yakan faru cikin 'yan mintuna zuwa awa 2, kuma ɗan abin da ya maƙale a cokali, ko man da aka riga aka yi suya da shi, ya isa ya tayar da shi. Dafawa ma ba ta kawar da shi. A ganina ruɗanin mutane ya samo asali ne daga haɗa wannan da matsalar wanda cikinsa ba ya narkar da sukarin madara, wanda iyakarsa kumburin ciki da gudawa, kuma shi yana iya shan kaɗan ya kwana lafiya.

Maganar dangin naki tana da ɗan tushe, amma an ɗora ta inda ba wurinta ba. Wani bincike da Farfesa Gideon Lack ya jagoranta a Landan, aka wallafa a 2015, ya nuna cewa fara ba jarirai gyaɗa da wuri yana rage yiwuwar kamuwa da kusan kashi 80 cikin 100. Rigakafi ke nan ga wanda bai kamu ba. Wadda ta riga ta kamu, idan ma za a saba mata, ƙwararren likita ne ke auna ƙwayar da za ta ci, da maganin gaggawa a gefensa. Yara da yawa sukan rabu da alajin madara ko na ƙwai idan sun girma, amma na gyaɗa ya fi yawan zama da mutum.

Ki tabbatar duk mai kula da ita ya san alamun tashin da ke kisa: kumburin harshe ko maƙogwaro, dushewar murya, sarƙewar numfashi, jiri ko suma. Maganinsa allurar adirenalin ce a gefen cinya ta waje, nan take, sannan a garzaya asibiti ko da ta warware, domin abin yakan iya dawowa bayan wasu awanni. A kwantar da ita a ɗaga ƙafafunta, idan numfashi ya yi mata wuya a zaunar da ita, amma kada a miƙar da ita tsaye. Ƙwayar maganin ƙaiƙayi ba ta maye gurbin allurar.

Batun benci kuwa, na fahimci tsoron malaman, sai dai sun zaɓi abin da ya fi musu sauƙi, suka bar yarinya da ɗaukar nauyinsa. Ba ciwo ne da ake ɗauka ba, kuma yaron da aka mayar saniyar ware yakan fara ɓoye matsalarsa, har ya karɓi abin da aka miƙa masa don kada a yi masa dariya. Ki zauna da shugaban makaranta da takardar likita a hannunki, ki nemi a mayar da ita cikin ƙawayenta bisa sharuɗa masu sauƙi: kowa ya wanke hannu da sabulu bayan cin abinci, a goge tebur, a hana musayar abinci, a kuma sanar da ke kafin duk wani taron da za a yi rabo, domin ki aiko da nata ta ci tare da kowa. Idan malami ya yi wa 'yan aji bayani a fili, yara sukan riga manya kiyayewa.

Ga mai gardama, ki shaida masa cewa gwamnatoci sun mayar da abin doka. Amurka ta wajabta bayyana abinci 8 masu tayar da alaji a jikin kayan abinci tun dokar 2004, wato madara, ƙwai, kifi, dangin jatan lande, gyaɗa, dangin kashu, alkama da waken suya, ta kuma ƙara riɗi a 2023. Tarayyar Turai 14 ta lissafa. A Birtaniya an tsaurara doka a 2021 bayan rasuwar Natasha Ednan-Laperouse, 'yar shekara 15, mai alajin riɗi, wadda ta ci burodi mai riɗi da ba a rubuta a jikin kunshinsa ba.

Ita kuma yarinyar, ki koya mata ta riƙa tambayar abin da aka sa a cikin abinci ba tare da jin kunya ba, kuma idan mai ba ta ya ce bai tabbata ba, ta yi godiya ta ajiye.