Ina so in rubuta wa yara littafi a kan mutuwa, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Mijina ya rasu shekara ɗaya da wata biyu ke nan, ya bar ni da yarinya 'yar shekara 5. Har yau ta ƙi yarda a ɗauke takalminsa daga bakin ƙofa, wai in ya dawo da me zai fita. Na nemi littafin yara mai hotuna da zan karanta mata a kan rasuwa ban samu wanda ya kwanta min a rai ba, shi ne na ce bari ni in rubuta. Na cika shafi 11 amma da na karanta sai na ga kamar kuka kawai nake yi a takarda. Ban iya zane ba, ban taɓa buga littafi ba. Anya ma ya dace a yi wa yara maganar mutuwa? Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya jiƙansa da rahama, ya raya abin da ya bari, ke kuma ya ƙara miki haƙuri. Ya dace ƙwarai, ai yarinyarki ta riga ta fara maganar tun ranar da ta tsare takalmin nan, amsa kawai take jira.

Shafi 11 ɗin nan kar ki yaga, ki adana, naki ne, kuma sai da kika zubar da wannan kukan za ki iya rubuta na yarinyar. Amma ba shi ne littafin ba. Na daɗe ina gyaran rubutun littattafan yara kuma kusan duk wanda ya kawo min labari a kan rashi da haka yake farawa, babba ne yake magana da zuciyarsa, yaron yana gefe yana kallo. Littafin yana farawa ne ranar da kika durƙusa kika ga gidan daga tsayin 'yar shekara 5. Ita ba ta san kalmar maraici ba, abin da ta sani shi ne ba wanda yake ɗaga ta sama in ya shigo, kujerarsa ba kowa a kai, kuma Mama tana shiga ɗaki ta rufe ƙofa ta fito ido jawur ta ce ba komai.

Tun a 1948 wata mai nazarin halayyar ɗan Adam a ƙasar Hangari, Maria Nagy, ta wallafa binciken da ta yi inda ta tattauna da ɗaruruwan yara a kan mutuwa, ta ga cewa 'yan ƙasa da shekara 5 suna ɗaukarta kamar barci ko tafiya, abin da ake dawowa daga gare shi. Binciken da aka yi daga baya ya nuna yawancin yara tsakanin shekara 5 zuwa 7 suke gama fahimtar cewa wanda ya mutu ba ya dawowa, jikinsa ya daina aiki gaba ɗaya ba ya jin yunwa ba ya jin sanyi, kuma kowa zai mutu. Kin ga ke nan 'yarki tana daidai gaɓar, takalmin nan lissafi take yi da shi irin na shekarunta.

To a nan ne harshenmu na manya yake cutar yaro ba mu sani ba. Muna cewa ya riga mu gidan gaskiya, ya kwanta dama, ya tafi ya bar mu, mun rasa shi. Duk kalamai ne masu daɗi a kunnen babba, amma yaro yadda aka faɗa haka yake ɗauka, in gida ne to ina gidan yake mu je, in rasa shi aka yi to a tashi a nemo shi mana. Mafi muni shi ne a ce ya yi barci, akwai yaran da daga nan suke fara tsoron kwanciya da dare, ko su dinga tashin uwarsu su ga ko tana numfashi. Na taɓa karanta wa wasu yara wani rubutu da nake gyarawa, marubucin ya sa kaka ta rufe ido ta huta, ina gamawa wani yaro ya ɗaga hannu ya ce to yaushe za ta tashi. Ranar muka canza shafin. Ki sa kalmar a fili ko da sau ɗaya ne a littafin, Baba ya mutu, ba zai dawo ba. Abin da kika yi imani da shi game da inda yake yanzu ki faɗa da bakin uwar cikin labarin, amma ya biyo bayan waccan jimlar, kar ya maye gurbinta.

Akwai kuma abin da yara ba sa faɗa sai an tono, da yawansu suna zaton su suka jawo, saboda na ƙi jin magana ne, saboda ran nan na ce ba na sonsa ne. Da kuma tsoron ke ma za ki tafi, wa zai kula da ni. In littafinki ya taɓa waɗannan biyun ya yi aikin da ya fi shafi ɗari na lallashi. Kar kuma ki sa yarinyar labarin tana kuka daga farko har ƙarshe, yara ba haka suke jimami ba, yanzu tana kuka minti biyar ta ruga wasa tana dariya, da dare kuma abin ya dawo sabo. Matakai biyar ɗin nan na jimami da ake yawan ambato, waɗanda Elisabeth Kübler-Ross ta kawo a 1969, a kan marasa lafiya masu fuskantar ajalinsu ta rubuta su, don Allah kar ki jera labarinki a kansu kamar matattakala.

Yanzu sana'ar kanta. Littafin hotuna galibi shafi 32 ne, dalili kuwa babbar takarda ake bugawa a naɗe ta, shi ya sa adadin yake tafiya takwas-takwas. In aka cire shafin take da na haƙƙin mallaka, abin da zai rage miki buɗi 12 zuwa 14 ne, wato shafi biyu-biyu masu kallon juna. Kalmomi kuma yawancin editoci sun fi son kar su wuce 500. Na san zai yi miki ciwo, shafi 11 ya koma shafi ɗaya da rabi, amma rabin labarin hoto ne zai ɗauka. Ba sai kin rubuta tana baƙin ciki ba. Ki rubuta "Yau ma na goge su", hoton ya nuna ta tsugune da tsumma a hannu gaban takalman da suka fi ƙafarta girma sau uku. Michael Rosen, marubucin yara ɗan Ingila da sanƙarau ya kashe masa ɗa mai shekara 18, ya fitar da littafi a kan baƙin cikinsa a 2004, Quentin Blake ya yi zanen, shafin farko hotonsa ne yana murmushi alhali rubutun yana gaya maka a cikin baƙin ciki yake. Wannan tazarar tsakanin abin da aka rubuta da abin da ido ya gani ita ce ƙarfin irin wannan littafi, yara kuma sun fi mu saurin kama ta.

Ki samu farar takarda guda 8 ki ninke su biyu, ga littafi mai shafi 32 a hannunki. Ki rarraba jimlolinki a ciki da fensir, ki karanta da ƙarfi kina juya shafi, duk inda numfashinki ya sarƙe ko kika ji kina sauri to wurin yana son gyara. Jimla mafi nauyi ki ajiye ta bayan juyin shafi, ki bar ta ita kaɗai.

Rashin iya zane ba matsala ba ne sam. In kamfanin buga littattafai ya karɓi rubutunki su suke zaɓo mai zane, rubutun zalla za ki tura, kuma kason marubuci raba shi ake yi tsakaninki da mai zanen. In kuma da kanki za ki buga, ki yi yarjejeniya a rubuce da mai zanen, hoto nawa, gyara sau nawa, haƙƙin hotunan na waye. Kamfanin da ya ce ki biya shi kuma ya riƙe haƙƙin littafin, ki yi nesa da shi. Kafin duk wannan ki karanta littattafan hotuna da yawa, ki kwafe rubutun biyu ko uku a takarda ba hotuna, za ki sha mamakin ƙanƙantarsa.

Ƙarshen labarin ne nake ji miki, don a nan kowa yake son ya share hawaye da sauri. Kar ki sa yarinyar ta warke a shafi na 30, ƙarya ne kuma yaron da aka yi wa rashi zai gane. Ni da ni ce, takalman ba za a jefar ba kuma ba za su zauna a bakin ƙofa ba, ita da kanta za ta ɗauke su ta kai inda ta zaɓa, ta san ba zai sa su ba amma tana so su kasance kusa. Wannan shawara ce kawai, ke kika san yarinyarki. Ki canza mata suna a littafin, wata rana za ta girma ta karanta. In kin gama ki ba wani da ya san harkar yara masu jimami ya duba kafin ki karanta mata, in kuma kika ga ta daina cin abinci ko barci ko wasa na tsawon makonni, ki kai ta a duba ta, kar ki jira littafi. Ki turo min buɗi uku na farko in kin ninke takardun, zan duba miki in sha Allah.