Kayan gyaran motar tsere mai rimot: ina za a zuba kuɗi, ina za a yi tsimi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da 'yar motar tsere mai rimot, WLtoys 144001, muna karawa da abokai duk Asabar a wani fili. Hannun da ke riƙe tayar gaba ya karye min sau biyu. Na ga ana sayar da na alminiyam, na kuma ga wani batir da rabin kuɗin wanda na saba saye. Ko in haɗa su duka? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka juya lissafin, don inda ya kamata ka yi tsimi nan kake shirin zuba kuɗi.

Hannun roba da gangan aka yi shi ya zama abin da zai fara karyewa. In motar ta daki dutse da gudu, robar takan lanƙwashe ta dawo, ko ta karye ita kaɗai, ka canza da 'yan kuɗi kaɗan. Alminiyam kuwa in ya lanƙwashe ya lanƙwashe ke nan, sauran dukan kuma ya wuce zuwa gidan giya da fil ɗin da ke riƙe hannun, waɗanda sun fi tsada da wuyar samu. Sheƙinsa dai yana da kyau a hoto. Sayi na roba guda huɗu ka ajiye a jaka.

Batir ne ba a wasa da shi. Motarka tana cin batir irin na LiPo mai ɗaki biyu, wato ƙananan batura biyu a haɗe, bolt 7.4. Kowane ɗaki yana cika a bolt 4.2, kuma in ya sauka ƙasa da 3.0 ya fara lalacewa. Na taɓa faɗawa wannan tarkon: na sayi mai arha a intanet, an rubuta masa lambobin ƙarfi manya-manya, kafin wata guda ya kumbura kamar fanke, motar kuma sai ta fara da zafi ta sace bayan minti uku. Araha ba ta ado. LiPo da ya kumbura yana iya kamawa da wuta, don haka kar ka huda shi, kar ka sake yi masa caji. Nemi caja mai daidaita ɗakunan biyu, ka tsaya a kansa lokacin caji, a kan siminti ba kan katifa ba. In za ka yi mako ba ka yi tsere ba, bar kowane ɗaki a wajen 3.8, a inuwa, ba cikin mota da zafin watan Afrilu ba.

In canji ya ragu, sayi boris mai murfin roba, domin ƙurar hunturu tana cinye na buɗe da wuri. Injin da ba shi da burushi kuwa, wato brushless, wanda ake saka wa motar don ƙarin gudu, bar shi tukuna sai ka iya shan kwana ba ka kifar da motar ba.