Ga 'yar uwar da gwajin aure ya nuna mata hepatitis B

Wallahi 'yar uwa tambayarki ta taɓa ni sosai, wai gwajin aure ya nuna kina da ciwon hanta na hepatitis B, dangin mijin sun fara ja da baya, ga wani mai maganin gargajiya kuma yana cewa cikin wata ɗaya zai wanke miki jini. Ni ma ta wannan hanyar na bi.

Abin da ba na mantawa shi ne zuwan gwaggon wanda zan aura a lokacin gidanmu. Aka kawo mata ruwa ta ƙi sha, ta ture kofin gefe, ta dubi Mama ido cikin ido ta ce ai sun tambaya an ce musu cutar 'yan bariki ce, su ba za su kai ɗansu ga halaka ba. Ina bayan labule ina ji. Mama ba ta ce uffan ba sai hawaye, ni wannan ne ya fi ƙona min rai fiye da fasa auren, a zo har cikin ɗakin uwata a ci mata mutunci a kan abin da ba a sani ba, sannan ta bi dangi tana yaɗawa har a gidan biki aka riƙa ware min kwano. Na bar ta da Allah, amma har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi. Daga baya da aka gwada gidanmu, ashe Mama ma tana da ita da ƙanina. Likita ya ce yawancinmu tun muna jarirai muka ɗauka, ko wajen haihuwa ko ta askar wanzami guda da ake wa yara kaciya da cire beli, don sai 2004 aka saka rigakafinta cikin allurar yara a Najeriya.

Don Allah kar ki sha wannan jiƙon, hanta ce ke tace duk abin da kika haɗiye, ga ta da ciwo kuma a ƙara mata kaya. Gwajin jinin nan na HBsAg da aka miki ya nuna cutar tana nan ne kawai, bai nuna ɓarnar da ta yi ba. Ki nemi likitan hanta a asibitin koyarwa, zai sa ki yi gwajin ALT mai nuna alamar kumburin hanta da HBV DNA mai ƙirga yawan ƙwayar a jini da hoton ciki, akwai tsada ba zan ɓoye miki ba. Ba kowa ake ɗorawa a magani ba, wasu bibiya kawai ake yi duk wata shida. Ni tenofovir nake sha ƙwaya ɗaya kullum, yana danne ta ne ba ya kashe ta gaba ɗaya, kuma in kin fara kar ki kuskura ki daina da kanki don hantar na iya kumbura farat ɗaya. Wadda ake warkewa da magani na sati 12 hepatitis C ce, masu tallan nan suna cakuɗa su da gangan.

Shi kuma saurayin naki a gwada shi, in ba shi da ita allurar rigakafi uku ce, yau, bayan wata ɗaya, sai a wata na shida. Mijina na yanzu haka ya yi kuma lafiyarsa ƙalau. Ba a ɗauka ta kwano ko gumi ko gaisuwa, ki gaya wa danginsa haka. In Allah ya kawo haihuwa a yi wa jariri allurar cikin awa 24, ki sanar da ma'aikatan asibiti tun a awon ciki.

Ki daina yankan farce a wajen masu yawo da almakashi, reza da buroshi kowa da nasa, gyaɗa ko masara mai fumfuna ki zubar, farasitamol ma kar ya zama kullum. Kuma ki lallaɓa Mamanku da ƙannenki su je gwaji a wannan satin.