Tsohuwar 911 Ta Daina Jan Hawa: A Ɗaura Mata Turbo?

Tambaya: Ina da tsohuwar babbar mota Marsandi 911 da injinta na asali. In na ɗauko doya daga Lafiya zan shiga Jos, a Hawan Kibo sai na koma giya ta ɗaya, hayaƙi kuma baƙi ƙirin. Bakanikena ya ce ko a buɗe famfon da ke tura wa inji gas a ƙara gas ɗin, ko a ɗaura turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska. Ba na son canja inji. Mece ce shawara?

Amsa: Malam, kada ka bari a taɓa famfon nan tukuna. Injin da aka fi samu a 911 shi ne OM352, mai silinda 6, lita 5.7, wanda aka fara ƙerawa a 1964. Yana sabo ƙarfinsa kusan doki 130 ne. Naka ya sha aiki, don haka abin nema na farko shi ne ƙarfin da ya zube.

Baƙin hayaƙi gas ne da bai ƙone ba. Ko iska ta yi kaɗan, ko nozul, wato abin da ke fesa gas cikin silinda, ba ya fesawa daidai. To in aka ƙara gas a kan haka, me za a samu? Ƙarin hayaƙi da zafi, har kan fistin ya narke.

A fara da filtar iska. Cire ta ka duba, bayan hunturu za ka tarar ƙura ta daskare a jikinta. Sai filtar gas, sai a saita bawul inji na sanyi. A ciro nozul shida ɗin a gwada su a kan na'ura: mai lafiya feshinsa kamar hazo yake, da ƙara "ƙyat-ƙyat", wanda ya mutu kuwa ɗiga yake yi ko ya tsirto mai. A kai famfon wajen masu gwajin famfon Bosch, a kuma daidaita lokacin feshinsa. A auna matsin kowace silinda. In ringi da bangon silinda sun cinye, ba dabarar da za ta yi sai an sauke inji.

Batun turbo kuwa, gaskiya yana ƙara ƙarfin ja sosai. Kamfanin da kansa ya fitar da OM352A mai turbo, wanda ke kaiwa doki 168. Amma ba turbon kaɗai ya bambanta su ba. Fistinsa daban ne, matsinsa ya fi ƙasa, an saita famfonsa daban, akwai kuma ƴan bututu da ke fesa baƙin mai a ƙarƙashin fistin don sanyaya shi. Wanda ya ɗaura turbo ba tare da waɗannan ba ya sayi wahala da kuɗinsa, musamman a doguwar hawa da lodi.

In ka dage, ka bari sai lokacin sauke inji, a sa kayan OM352A gaba ɗaya, a wanke lagireto, a duba ko kulocin zai iya ɗauka. Ka kuma sa agogon zafin hayaƙi a gabanka, da allurar ta haura ka sassauta totur ka rage giya.