Allurar ciwon ɓarin kai: me take tarewa a jiki?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina zaune a Jidda. Shekara da shekaru ina fama da ciwon ɓarin kai. In ya tashi sai in kwana biyu a ɗaki mai duhu ina amai. Likitana ya ce zai ɗora ni a kan allurar Aimovig, sau ɗaya a wata. Kashe zafi take yi kamar Panadol?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ba ki lafiya. Ba danginsu ɗaya da Panadol ba. Ita tare ciwon take yi tun bai tashi ba.

Akwai wata jijiya mai rassa uku da ke ɗaukar ji daga fuska da rufin ƙwaƙwalwa. Idan ciwon zai tashi, takan saki wani ɗan sinadari mai suna CGRP. A 1990 masu bincike Peter Goadsby da Lars Edvinsson suka nuna yana ƙaruwa a jinin wuyan mutum lokacin da ciwon ke cinsa. Sinadarin ɗan aike ne, kuma ɗan aike ba ya kutsawa cikin gida kai tsaye, sai ya yi sallama a zaure. Zauren nan shi ne makarɓin da ke jikin ƙwayoyin halitta. Da zarar an amsa masa, hanyoyin jini su buɗe, jijiya ta tsananta kai saƙon zafi. To, maganin da ke cikin allurarki, erenumab, zuwa yake ya zauna daram a bakin zauren. Ɗan aike ya zo, babu wurin shiga. Amurka ta amince da shi a 2018. Akwai kuma ƙwayoyin sha irin su rimegepant da ke tsare wannan zaure, wasu allurai kuwa ɗan aiken suke kamawa a hanya.

Ina so ki shiga da idonki a buɗe. A babban gwajin maganin, kusan rabin waɗanda aka yi wa ne kwanakin ciwonsu suka ragu da rabi. Sauƙi ne babba, amma ba warkewa ba ce. Ki ba ta wata uku, kina rubuta kowace ranar da kan ya yi ciwo, kafin ku yanke hukunci ke da likitanki. Na ga mata da dama sun watsar bayan allura ɗaya, abin yana damuna.

Takan kawo taurin bayan gida, wani lokaci mai tsanani, tana kuma iya ɗaga hawan jini, don haka ki riƙa aunawa. In kina da ciki ko kina nema, ki faɗa wa likita tukuna.

Sai zafin Jidda. Wurin ajiye allurar firiji ne, ban da sashen ƙanƙara, kuma kada ta zauna a mota. Ki fito da ita minti 30 kafin a yi.

Panadol ɗin ma ki ƙirga shi: shan sa kwana 15 ko fiye a wata yana iya zama shi ke dawo miki da ciwon.