Shin da gaske akwai 'yar ruwa?

Tambaya: An turo min bidiyo a WhatsApp, wai masunta sun kamo wata halitta, sama mace, ƙasa kifi. Kakata ma ta ce tun suna yara ake labarinta a bakin kogi. Da gaske akwai ta? Daga wata mai karatu a Yawuri.

Amsa: Malama, har yau babu wanda ya kawo gawa ko ƙashin irin wannan halitta aka bincika aka tabbatar. Amma ba a banza labarin ya karaɗe duniya ba. Abubuwa daban-daban ne suka cuɗe a cikinsa.

Akwai dabba ta gaske, kuma tana nan a kogin da ke kusa da ke: ayu. Ana samunsa a Neja da Binuwai, da sauran kogunan yammacin Afirka daga Senegal har Angola. Ba kifi ba ne. Iska yake shaƙa, shi ya sa yake ɗago hanci saman ruwa lokaci-lokaci, ciyawar ruwa yake ci, tsawonsa kan kai mita 3. Abin da ke rikita mutane shi ne nonon ta macen, wanda yake a hammata, gindin hannayen da take iyo da su. Masuncin da ya hango wannan daga kwale-kwale da almuru, ruwa ya yi duhu, kai ya ɓullo ya nutse, ba ƙarya ya yi ba in ya ce ya ga mutum. A watan Janairun 1493 Kiristofa Kolombus, Baturen matuƙin jirgin ruwa, ya ba da labarin ganin 'yan ruwa guda uku kusa da tsibirin Hisfaniyola da ke tekun Karebiyan, ya ce ba su kai kyan da ake zana su ba, fuskarsu ma kamar ta maza. Masana sun fi karkata ga cewa ayun can ƙasar ya gani. Af, namu ayun yana ƙarewa, saboda farautar namansa da mansa, har an hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 2013.

Sai dai ni ban yarda ayu kaɗai ya haifi labarin ba. Mutanen Sham na dā suna da gunkiya Atargatis, wadda a garin Askalan ake siffanta ta rabi mace rabi kifi. A Japan kuwa halittar mummuna ce, ana cewa wanda ya ci namanta zai yi shekaru ɗaruruwa. Labarin yana nan tun tuni a bakin mutane, ayu dai ya zo ya ba shi jiki. Ko hoton Mamiwata da aka sani, mai tulin gashi riƙe da maciji, asalinsa hoton wata mai wasa da maciji ne da aka buga a Hambog ta Jamus wajen shekarun 1880, daga baya aka yi ta sake buga shi a Indiya ana kawowa Afirka.

Sannan ga na 'yan damfara, kuma nan bidiyonki ya fi kusa. A 1842 P. T. Barnum, wani mai shirya nunin abubuwan al'ajabi, ya baje wata busasshiyar “'yar ruwa” a birnin Niyok na Amurka, jama'a na biyan kuɗin kallo, alhali gangar jikin biri ce aka ɗinke da wutsiyar kifi. Wata da aka daɗe ana adanawa a wani wurin bauta a yankin Okayama na Japan, tsawonta kusan santimita 30, an saka ta a na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, a 2023 sakamako ya fito: takarda ce da tsumma da auduga, aka lulluɓe da fatar kifi. Babu ƙashin baya, babu haƙarƙari. A 2012 kuma tashar Animal Planet ta nuna wani shiri na ƙage da aka yi wa shigar binciken kimiyya, mutane suka ruɗe har hukumar kula da tekuna ta Amurka ta fito ta ce ba a taɓa samun hujjar irin wannan halitta ba. Gutsattsarin shirin har yanzu suna yawo a wayoyi.

In an sake turo miki, duba ƙugu tukuna, inda fata ta haɗu da ɓawon kifi. Nan ɗinki yake, shi ya sa ake rufe wurin da yashi, ko raga, ko hannun wani. Duba wutsiya: ta kifi a tsaye take, tana kaɗawa dama da hagu, ta dabba mai shayarwa irin ayu a kwance take, tana kaɗawa sama da ƙasa. Masu haɗa bidiyo sukan manna ɓawon kifi a wutsiya mai motsin ayu, abin da ba ya haɗuwa a jiki ɗaya. Ki kuma tambaya: wane gari, wace rana, ina aka kai gawar? Yawanci babu amsa.

Abu ɗaya da ya kamata a yi hattara da shi: akan haifi jariri ƙafafunsa biyu a manne kamar wutsiya. Larura ce da likitoci suka sani, ba safai ake samunta ba, kuma galibi tana zuwa da matsalar ƙoda. Asibiti ake kai shi da gaggawa, kada a ɗora wa uwar zargin hulɗa da 'yan ruwa.

Batun aljanu kuma na malaman addini ne, ba abin da ake jawowa da raga ba.