Hajiyarmu ta ƙi banki, sai gwal

TAMBAYA: Salam Anti, dan Allah a taimaka min da shawara. Mahaifiyarmu duk kuɗin da muka tura mata da wanda ta samu in ta sayar da awaki sai ta tara ta aika a sayo mata ɗan kunne ko awarwaro na gwal, ta ƙulle a tsumma ta cusa ƙasan adaka, mun yi mun yi ta bar kuɗin a akawun ta ƙi. To satin da ya wuce wani ya kira ta wai daga banki ne, za a rufe mata BVN in ba ta karanto lambar da aka turo ba, Allah ya sa jikarta na kusa ta karɓe wayar. Yanzu cewa take kun gani ko, bankin naku ke nan. Ya zan yi da ita? Daga 'yar'uwarku a Jekadafari, Gombe.

AMSA: Wa'alaikumussalam 'yar'uwa. Ni dai wallahi ba zan ce Hajiya ba ta da hujja ba. Ta ga canjin kuɗi na 2023, mutum da kuɗinsa a banki amma ya yini a layin ATM ya koma gida hannu rabbana, ta kuma ga dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, alhali awarwaronta ko giram ɗaya bai ragu ba.

Kuma ba ita kaɗai ba ce. Akwai mutanen Hmong na duwatsun Laos, bayan yaƙi a 1975 suka tsallake kogin Mekong zuwa Thailand, da yawa suka ƙare a Amurka wajen Minnesota da Kalifoniya. Su tun asali azurfa ce dukiyarsu, har kuɗin aure da sandunan azurfa suke biya, kuma wanda ya taɓa gudun hijira ya san takardar kuɗi tana iya zama banza dare ɗaya, abin wuya kuwa ka tafi da shi. Shi ya sa tsofaffinsu da yawa har yau sun fi natsuwa da gwal a ɗaki. Sai dai 'yan damfara ma sun iya bin gwal, a 2024 hukumar binciken laifuka ta Amurka, FBI, ta yi gargaɗi kan masu kiran tsofaffi a waya su ce akawun ɗinku na cikin haɗari, ku sayi gwal za mu aiko a karɓa mu adana muku.

Don haka ki daina faɗa da ita kan gwal ɗin. Ku kai wa amintaccen maƙeri ya auna ya duba kirat 21 ne ko 18, don ana sayar wa tsofaffi jabu, a ajiye rasit, mutum ɗaya ko biyu cikinku su san inda yake, ban da 'yan aiki da masu shigowa gaisuwa. In ya kai wajen giram 85 ku tambayi malami maganar zakka. A bar ɗan kuɗin asibiti a akawun, ki gaya mata hukumar inshorar kuɗin ajiya, NDIC, na tsaya wa kuɗin ajiya har naira miliyan 5 in banki ya durƙushe.

Batun waya kuwa kar ku yi mata faɗa dan Allah, tsoho in ya ji kunya gobe ɓoye muku zai yi, ni wannan ya fi tsorata ni. Banki ba ya tambayar PIN ko OTP, wato lambar sirrin da ake turowa ta waya. Ki koya mata duk wanda ya kira ta ce "bari 'yata ta dawo" ta kashe, sannan ki rubuta lambarki da manyan baƙaƙe ki liƙa a bayan wayar.